Ragin Sisi Ɗaya

Ni fa har yau in na ga 'yan majalisa a talabijin suna zartar da kasafin kuɗi, kowa kansa a kan waya, sai in ji kamar in shiga cikin akwatin in ja kunnen wani. A zamaninmu ba haka abin yake ba. Ba na cewa mutanen da waliyyai ne, a'a, akwai masu dogon hannu a cikinsu, akwai masu barci baki buɗe. Amma in lokacin kasafi ya zo, ginin gaba ɗaya sai ya canja. Ko'ina warin tawada da ƙamshin sabuwar takarda, masinjoji na gudu a matakala, shayi na hucewa a kofi ba wanda ya tuna da shi.

Ni mai buga tafireta ce a majalisa, a wani ɗaki na ƙasa wanda tagarsa ke kallon ƙafafun masu wucewa. Mu huɗu ne a ɗakin, duk mata, kuma duk abin da za a karanta a zauren sama sai ya bi ta yatsunmu tukuna. A nan na koyi yadda kuɗin gwamnati ke fita. Mutane na zaton minista buɗe akwati yake yi ya ɗiba. Ina! Ko ƙwan fitila ba zai saya ba sai majalisa ta yi doka ta ce ya saya. Ministan kuɗi zai zo da jakarsa, a ajiye ƙudirin a kan tebur a kira sunansa, karatu na farko ke nan. A karatu na biyu a yi ta surutu a kan manufa, kowa ya nuna shi ma ya iya magana. Sannan a zo wurin da na fi so: shugaban majalisa ya sauko daga doguwar kujerarsa, a sauke sandar majalisa daga kan tebur, zauren gaba ɗaya ya koma kwamiti, a bi ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya, babi bayan babi, kamar mace na tsintar shinkafa. Sai an gama wannan za a yi karatu na uku, a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu, sannan baitulmali ya buɗe.

Ƙanena, autanmu, a ginin ya same ni. Malamin makaranta ne, mutanen garinmu na bakin kogi suka tura shi ya tsaya zaɓe, ya kuwa ci. A zaure "mai girma wakili" ake ce masa. Ni kuwa da na goya shi na share masa majina, Auta nake ce masa a gaban kowa, in ya so kunya ta kashe shi.

Mahaifinmu shi ke kula da injin jirgin fito na gwamnati, wanda ke ƙetarar da mutane da motoci a kogin garinmu. Tun kafin a haife ni yake cikin ramin injin nan da ke ƙarƙashin jirgin, har garin duka suka manta sunansa, sai Mai Inji. Ƙarar injin ta cinye masa kunne. Sai an ɗaga murya yake ji, shi ma in zai yi magana sai ka ce da mutumin wancan ƙetaren yake yi. Gidanmu ba a ɓoye sirri, in Baba ya yi raɗa maƙwabta sun ji. Injin kuma ya tsufa tare da shi. Yana tari, yana zubar da mai, ba sau ɗaya ba ya mutu a tsakiyar ruwa da mata da yara a kai, sai Baba ya lallaɓa shi da waya da tsumma da addu'a. Ranar da Auta zai tafi majalisa, Baba bai ce masa ya kawo mota ko ya gyara gida ba. Abu ɗaya ya ce masa: "In ka je, ka gaya musu injin ya gaji."

Da kasafin shekarar ya zo, ni na buga babin sufuri da hannuna. Jirgin fito yana ciki: albashi yana nan, mai yana nan, fenti ma yana nan. Sabon inji kuwa ko alamarsa. Ban gama tsaki ba sai ga Auta ya sauko ɗakinmu da 'yar takarda.

"Yaya, don Allah buga mini wannan, a sa a jerin ayyuka."

"Mai girma ya iya sallama kuwa?"

"Salamu alaikum, Yaya. Buga mini."

Na karanta. Sanarwa ce cewa in an zo babin sufuri zai nemi a rage kuɗin jirgin fito da sisi ɗaya.

To, ga wanda bai san gidan ba wannan hauka ne, amma a wurinmu abin yau da kullum ne. Doka ta hana ɗan majalisa ya ce a ƙara wa gwamnati kuɗi. Gwamnati ce ke roƙo, majalisa kuwa ko ta ba da abin da aka roƙa ko ta rage. In ka miƙe ka ce a ƙara, shugaba zai zaunar da kai kafin ka rufe baki. Saboda haka in kana da kuka a kan wani babi, sai ka nemi a rage shi da sisi ɗaya. Sisin nan shi ne kuɗin ƙofa. Da shi za a ba ka fili ka yi maganarka, dole kuma minista ya tashi ya ba ka amsa. In ya amsa ka gamsu, sai ka ce ka janye, a wuce gaba. Mun saba da abin har ba ma jin kalmar ragi a cikinsa, kamar yadda ma'aikacin asibiti ba ya jin warin magani. Na buga, na ce masa Allah ya ba da sa'a, na ce kuma ya je ya yi aski kafin ranar.

Gidan rediyo kan aiko a ɗauki jerin ayyukan majalisa kullum. Wanda ya rubuta labarin a ranar, Allah ya shirye shi, ko sabo ne ko sauri yake yi, oho. Abin da aka karanta a labaran yamma shi ne: wakilin mazaɓar bakin kogi zai nemi majalisa ta rage kuɗin jirgin fito. Ba sisi, ba dalili, shi ke nan aka wuce labarin ƙwallo.

Baba yana bakin kogi inda jirgin ke tsayawa a lokacin, a rumfar mai shayi, da rediyonsa manne a kunne an ƙure muryarta. Direbobi na nan, masu dako na nan. Daga baya aka ba ni labari wai wani direban tirela mai bakin tsiya ya ce, "Mai Inji, ashe saƙon da ka aike shi ke nan?" Aka fashe da dariya. Baba ya kashe rediyon ya sa a aljihu ya sauka rami.

Ƙarshen makon Auta ya tafi gida, bai san wainar da ake toyawa ba. Gidanmu a wancan ƙetaren yake, dole sai ka hau jirgi. Baba na hango shi a kan gangara ya shige ramin inji, bai fito ba har aka ƙetare. A gida ya gaishe shi, Baba ya dubi bango. Ya yi bayani, Baba ya tashi ya bar masa ɗakin. Inna ce ta zama 'yar aike tsakanin ɗaki da ɗaki, tana share hawaye da bakin zane.

"Ya ce in gaya maka, a bainar jama'a ka yi maganar, a bainar jama'a za ka janye ta. In ba ka janye ba, kada ka ƙara taka masa jirgi, kada ka ƙara taka masa gida."

Wanda bai san Baba ba zai ce fushi ne na kwana biyu. Mu mun san shi. Akwai ƙaninsa da suka saɓa a kan wata magana da ba ta kai ta kawo ba, har aka binne mutumin Baba bai ƙara ce masa uffan ba. Auta kuwa shi ne ɗan gaban goshinsa. Tun yana rarrafe yake ɗaukarsa zuwa jirgi, ya zaunar da shi a kan akwatin kayan aiki.

Auta ya dawo ya zauna a kan kwalin takardu a ɗakinmu, duk ya faɗa, idanu sun zurma. Abokan aikina suka ga haka suka fita wai za su sha iska.

"To mene ne abin damuwa?" na ce. "Ai da ma janyewa ake yi. Ka yi maganarka, minista ya amsa, ka janye, Baba ya huce."

"In ministan ya ce zai kawo ƙaramin kasafi a sayi inji, da gudu zan janye. In kuma ya ce mini za su duba fa?"

"Sai ka janye mana! Kowa haka yake yi."

"In na janye, za a rubuta cewa wakilin bakin kogi ya gamsu da amsa. Maganar ta mutu ke nan sai baɗi. Ga damina na zuwa, kin san yadda ruwan nan ke yi in ya cika."

"Auta, uba ɗaya gare ka fa."

"Na sani, Yaya. Shi ne a cikin ramin. In jirgin nan ya juya, kowa na iya faɗawa ruwa ya yi iyo, ban da shi."

Haushi ya kama ni, na shi da na Baba da na mai rediyo, na ce ya tashi mini daga kan kwali yana lanƙwasa takardun gwamnati.

Bai kai ƙarshen baranda ba mai tsawatarwa na jam'iyyarsu mai mulki, wanda ke hana 'yan jam'iyya kauce wa layi, ya tare shi, wani gajere mai yawan turare da muke kira Bulala. Ina jin su ta ƙofa. Cikin murmushi yake magana, ya dafa masa kafaɗa. "Ɗan'uwa, ka yi maganarka ka huce, ba wanda zai hana ka. Amma ka janye. Wanda ya kai gwamnatinsa ga ƙuri'a, ba ya dawowa gidan nan." Abin dariya, Bulala da Baba da ba su taɓa haɗuwa ba, kalma ɗaya suke nema a bakin yaron.

Na ga in na zuba ido gidanmu zai tsage. Na nemi izini na hau mota na tafi.

A rami na same shi. Ka sauka ta wani tsani na ƙarfe mai santsi, zafi ya buge ka kamar ka buɗe tukunya, ƙasa duk baƙin mai. Yana durƙushe yana ɗaure wani bututu da tsumma. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta ɗan saki, don ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ba ya iya haɗe mini rai da kyau.

"Uwata, lafiya?"

"Lafiya lau! Baba, maganar Auta ce!"

Ya koma kan bututunsa.

"Dabara ce, Baba! Ba a barinsa ya ce a ƙara!"

"Wa ya hana shi? Ba shi da baki?"

"Doka ce ta hana!"

"Dokar ce ta ce in kana son ƙari ka ce ragi?"

"E!"

"To ke in kina jin ƙishirwa sai ki ce a fasa randa?"

Na yi bayani tun daga karatu na farko. Na kawo misali da kasuwa, na kawo misali da kotu, na jera ƙusoshi a kan akwatinsa na ce wannan minista ne, wannan shugaba, wannan Auta. Muryata har ta dishe. Ya saurare ni tsaf, ya kwashe ƙusoshinsa ya mayar cikin gwangwani.

"Uwata, tambaya ɗaya. Ya ce a rage, ko bai ce ba?"

"Ya ce, amma..."

"To shi ke nan."

Na ce taurin kan tsohon nan ya fi ƙarfen injinsa. A hankali na faɗa, amfanin uba mai nauyin kunne ke nan. Da ƙarfi kuwa na ce, "To zo ka gani da idonka! Zo majalisar ka ji abin da zai ce!"

Na zaci zai kore ni. Sai ya shiga goge hannu, ya daɗe yana gogewa.

"Zan zo," ya ce. "In ga ya janye da idona. Kada a zo a ce mini rediyo ce ta yi ƙarya."

Mutumin da bai taɓa ɗaukar hutu ba ya bar wa abokin aikinsa injin, bayan ya yi masa huɗuba kamar mai barin jariri. Inna ta wanke kakinsa na aiki ta goge shi har yana tsayawa da kansa. Baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa kuwa ba sabulun da ya iya da shi.

Ranar babin sufuri muka hau benen baƙi, inda jama'a ke zama su leƙa zauren daga sama. Allah sarki, benen nan. Benci na katako mai sheƙi don tsufa, dogon ƙarfe na tagulla a gaba wanda hannaye suka cinye, fankoki na juyawa a hankali kamar su ma muhawarar ta gundure su. Dogarin ƙofa ya karanta mana ƙa'ida: ba magana, ba tafi, ba tashi tsaye sai in fita za ka yi. Baba ya ce, "Me ya ce?" har wasu a ƙasa suka ɗago kai. Na ja shi muka zauna a layin gaba.

Ɓangaren 'yan adawa wayam. Tun da safe suka fice saboda wata rigima a kan shugabancin kwamiti, da ma su fita ba ta yi musu wuya. Abin bai yi mini daɗi ba, don da suna nan ko don su ba gwamnati haushi za su mara wa Auta baya. Sauran duk 'yan jam'iyyarsa ne. Auta yana zaune a layin baya, ya yi askin kuwa. Na gaya masa tun jiya cewa Baba zai zo, na kuma gaya masa abin da ya kawo shi. Ya ɗago ya gan mu, ya ɗan sunkuyar da kai alamar gaisuwa. Baba ya dubi fanka.

Aka sauke sanda, shugaba ya dawo kujerar ƙasa, akawu ya fara kiran babi. Hanyoyi, aka amince. Tashoshin mota, aka amince. Jirgin fito. Shugaba ya duba takardarsa, wadda ni na buga, ya ce wakilin bakin kogi.

Na shekara da shekaru ina buga jawaban gidan nan, na san na haya, na san na zuci. Wallahi ban taɓa jin irin na Auta a ranar ba. Bai riƙe takarda ba. Ya ce sisin da yake nema a rage ba don jirgin ya yi wa gwamnati tsada ba ne, don ba shi da wata ƙofa ta magana ne. Ya ba su labarin ranar da injin ya mutu a tsakiyar kogi da mace mai naƙuda a bayan mota, ruwa na jan jirgin zuwa duwatsu, mutane na salati. Ya ce akwai wani dattijo a ƙarƙashin ƙafafunsu a ranar, cikin duhu da hayaƙi, yana riƙe da bututu mai zafi da hannunsa har injin ya tashi, kuma har yau tafin hannunsa ba ya rufuwa sosai. Ya ce an ware kuɗin fenti, jirgin zai nutse da kyansa. Wasu suka yi dariya, suka kuma yi saurin haɗiye ta. Bai ce dattijon ubansa ba ne, amma ba wanda bai sani ba.

Baba kuwa ko kalma ɗaya bai ji ba. Nisa ya yi yawa, ni kuma ba dama in ɗaga murya. Yana ta taɓa ni, "Me yake cewa?" dogari na harararmu, ni ina cewa ya bari sai mun fita. Wannan abu ya ƙona mini rai, har yau in na tuna sai na ji zafinsa. Yaro ya tsaya a gaban ƙasa yana yabon ubansa, uban na zaune a sama yana kallon bakinsa na motsi, yana zaton cin amanarsa yake yi.

Minista ya tashi ya gyara riga. Ya gode wa mai girma wakili saboda kishinsa. Ya ce gwamnati na sane da muhimmancin jirgin, za a kafa kwamiti, za a duba in hali ya yi. Ya zauna. Ko minti biyu bai yi ba, ɗan albarka.

Shugaba ya ce, "Mai girma wakili ya ji amsa. Zai janye?"

Duk kawuna suka juya baya. Baba ya ga haka ya gane an zo wurin. Ya kama ƙarfen tagulla da hannu biyu ya leƙa. Bulala ya juyo a kujerarsa yana wannan murmushin nasa. Auta ya miƙe, ya ɗago ya dubi bene sau ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ban janye ba."

"Ya janye?" in ji Baba.

Na girgiza kai. Ban iya kallonsa sosai ba. Hannuwansa suka saki ƙarfen, ya koma ya jingina, sai na ga ya tsufa a zaune. Ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo 'yar jakarsa ya ɗora a cinya. Na ce shi ke nan, na kawo tsoho da kuɗin motata ya ga abin da zai raba shi da ɗansa har kabari.

A ƙasa shugaba ya sa tambaya. Masu goyon bayan ragi su ce e. Murya ɗaya ta fito, siririya. Waɗanda ba su yarda ba su ce a'a. Kai! Zauren ya ɗauka kamar aradu, har benci ya yi rawa. Wannan kam Baba ya ji ta, ita kaɗai ya ji daga zauren duk ranar. Ya ɗago a firgice.

Auta ya nemi a ƙirga, haƙƙinsa ne. Shugaba ya yi ajiyar zuciya ya ce masu goyon baya su miƙe tsaye.

Auta ya miƙe. Ya tsaya. Na bi layukan da ido ina neman waɗanda suke cin abinci tare da shi, waɗanda suka ce masa suna bayansa. Wannan yana neman wani abu a aljihu, wancan ya ƙura wa takalminsa ido. Wani daga gaba ya yi 'yar dariya, wasu suka taya shi. Auta bai ƙara duban bene ba, kansa na ƙasa, hannuwansa a gefe kamar ɗalibin da aka tsayar a gaban aji.

"Me ya sa yake tsaye shi kaɗai?" in ji Baba.

Na manna bakina a kunnensa, dogari ko oho. "Ƙuri'a ce! Masu goyon bayansa ne za su tashi!"

"To ina suke?"

"Babu!"

Ya dubi zauren daga wannan bango zuwa wancan. Ya dubi masu dariya. Sai ya ajiye jakar a kan benci, ya dafa ƙarfe, ya miƙe.

Na kama gefen kakinsa. "Baba, zauna! Wannan tsayuwar ta masu cewa a rage ce!"

Ya fizge rigarsa. Ya tsaya ƙyam, ƙirji a gaba, kamar ranar da manya ke zuwa duba jirgi. Dogari ya taho da sauri tsakanin benci. A ƙasa akawu ya ɗaga alƙalami ya nuna Auta, ya juya ga shugaba ya ce, "Ɗaya."

"Nawa ya ce?"

Na ɗaga masa yatsa ɗaya.

"Bai iya ƙirga ba!" in ji Baba, da muryar nan tasa ta ƙetaren kogi. "Mu biyu ne!"

Kowa ya ɗaga kai, har shugaba, har minista. Auta ya juyo a hankali. Ya ga ubansa tsaye, sai hawaye, a gaban Bulala da kowa. Ni ma ban tsaya jin kunya ba, kuka na yi sosai, da majina da komai.

Dogarai biyu suka fitar da mu, cikin ladabi dai, ɗayansu ma idonsa ya yi ja. Ragin ya faɗi, ba sai na faɗa ba. Aka amince da babin yadda yake, aka yi karatu na uku, aka sa hannu, aka yi wa jirgi fenti. Jam'iyya ba ta ƙara tsayar da Auta ba, ya koma aji da allinsa. Ba a sayi inji ba. Baba ya ci gaba da lallaɓa shi har ranar da ya ƙi tashi gaba ɗaya, Allah ya taimaka a bakin gaɓa ne ba a tsakiyar ruwa ba. Duk wannan daga baya ne.

A ranar dai muna saman matakala, ni da Baba, dogari ya miƙo mana jakar da muka manta. Sai ga Auta ya fito ta ƙofar 'yan majalisa da gudu, ya hawo rabin matakalar ya tsaya. Bai san ko an yarda ya ƙaraso ba.

Baba bai dube shi ba, ni ya duba.

"Uwata, ni fa har yanzu ban gane wannan ragin naku ba. Shirme ne. In mutum na son abu ya ce yana so."

"To, Baba."

"Kuma bai janye ba. Na gani da idona."

"Bai janye ba."

Ya leƙa matakalar, doguwa ce, ta dutse mai santsi. Mutumin da yake hawa tsanin rami da gwangwanin mai a hannu ɗaya tun kafin a haife mu. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ture hannuna.

"Auta," ya ce, har masu gadin ƙofar waje suka juyo. "Tsayuwar me kake yi? Zo ka riƙe ni, matakalar nan taku ba ta da kyau."